Tsimin Kirsimeti da Maganar Masu Zuwa Neman Rance

Albashin watan Disamba ya fi kowane albashi ruɗin ma'aikaci, domin sau da yawa yakan shigo da wuri, kafin ranar 25 ga wata, alhali kuwa na Janairu ba zai zo ba sai ƙarshen watan, kuma a tsakanin nan ne yara suke komawa makaranta zango na biyu, masu gidajen haya kuma suke tuna wa mutum cewa shekara ta zagayo. Kuɗin da suka saba riƙe gida mako huɗu sai a nemi su riƙe shi mako shida, sannan a ɗora musu shinkafa da nama da ɗinki da kuɗin motar zuwa ganin iyaye. Mu da muke zaune a cikin garin Gombe amma aka binne cibiyarmu a Billiri ko Kaltungo ko Tula, mun san wannan lissafi sarai, kuma mun san cewa tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, ya ƙara tsanani. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar, mafi ƙarancin albashi kuwa, ko da aka ɗaga shi zuwa naira 70,000 a watan Yuli, bai kamo tashin kayan masarufi ba.

Saboda haka a gidanmu shirin Kirsimeti yana farawa ne da kaka, lokacin da sabon amfani yake kwararowa kasuwar Tudun Hatsi, manomi kuma yake neman kuɗin biyan waɗanda suka yi masa aiki. Masara da wake da gyaɗa ba sa yin araha irin ta Oktoba da Nuwamba, kuma wanda ya iya sayen ko da rabin buhu a lokacin ya tsere wa tsadar da take zuwa bayan an kwashe hatsi an kai rumbunan 'yan kasuwa. Wake ne mai wahalar ajiya saboda ƙwari, amma buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki yana riƙe shi watanni ba tare da an zuba magani ba, muddin ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda dabam. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai murfin kirki tana yin aikin, idan an cika ta har wuya. Shinkafa kuwa, ta gida ce nake saye, irin wadda ake nomawa a wajen Dadin Kowa, kuma ban ga abin da ta waje ta fi ta da shi ba in ban da ƙyalli. Tsintar 'yan duwatsu aikin yamma ɗaya ne ga yara.

Nama shi ne inda kuɗi suke zurarewa, kuma a nan ne watanda take da amfani. Mutum goma ko goma sha biyu, abokan aiki ko 'yan majami'a ɗaya, sukan fara tara kuɗi tun tsakiyar shekara a hannun wanda aka amince da shi, a aiki mutum biyu da suka san dabba su je tike su sayo sa tun farashi bai tashi ba. Ranar jajibere da asuba ake yankawa, a shimfiɗa leda a ƙasa, mahauci ya kasa nama kashi-kashi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan hanta da tumbi, sannan a kira yaro ƙarami ya juya baya, a nuna kashi a tambaye shi na wane ne, don kada wani ya ce an zaɓa masa. Kai da ƙafa da fata a sayar a rage kuɗin mahauci. A mafi yawan lokuta abin da mutum yake ɗauka a nan ya fi abin da kuɗinsa za su saya masa a teburin kasuwa a wannan makon, kuma mun saba kiran mahauci Musulmi ya yanka, domin maƙwabtanmu su ci abin da za mu aika musu hankali kwance. Kiwon kajin gidan gona kuma, wanda mutane da yawa suke farawa a farkon Nuwamba don su isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, ba na ba kowa shawararsa kai tsaye, domin tsadar abincinsu da sanyin hunturu da yake kashe 'yan tsaki suna iya cinye ribar gaba ɗaya.

Game da sutura ba ni da dogon bayani. A kai wa tela ɗinki tun Oktoba, yara su samu sabo ɗaya, takalmi da rigar sanyi a duba gwanjo, manya kuma su fito da atamfar bara su goge. Ankon da ake yankawa a ƙungiyoyi, har da zumuntar mata, ya kamata shugabanni su riƙa tunawa da gwauruwar da take zaune a layin baya kafin su zaɓi mai tsada. Abin da ban yarda a rage ba shi ne kwanon maƙwabta. Mutanen da suke aiko mana da waina da naman layya da Sallah suna da haƙƙin shinkafarmu da cincin ɗinmu, kuma a gari irin Gombe, inda katanga ɗaya take raba gidan Kirista da na Musulmi, wannan kwano yana yin aikin da taron zaman lafiya ba ya yi.

Amma abin da ya fi damuna a wannan wata shi ne rance, domin duk wanda aka san yana tsimi, shi ake fara tunawa idan kuɗi sun yanke. Mutane suna ganin buhun da aka shigo da shi da kaka, suna lissafa maka abin da kake da shi fiye da yadda kai kanka ka lissafa. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne; babu wanda ya isa ya raina mai neman rance, tunda babu wanda bai taɓa nema ba. Sai dai kuɗin da suke hannuna a Disamba yawancinsu ba nawa ba ne, na makarantar yara ne da na mai gidan haya da na abincin Janairu, kuma idan na ba da su rance, na ba da abin da aka ba ni ajiya ne. Mutane da yawa masu kirki suna shiga wannan hali saboda kunya: sun ranta wa ɗan'uwa don ya sayi akuyar biki, su kuma a mako na biyu na Janairu suna tsaye a ofishin shugaban makaranta suna roƙon a ɗaga musu ƙafa.

Na raba masu zuwa kashi biyu, kuma ba na jin nauyin yin haka. Akwai wanda ciwo ya kawo shi, ko haihuwa ta zo da matsala, ko tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Wannan ba rance ya kamata a ba shi ba, kyauta ce, gwargwadon abin da mutum zai iya rasawa ba tare da ya riƙe shi a zuci ba, domin ɗora wa mai yunwa bashi ƙara masa ciwo ne, kuma mu Kirista an koya mana a Luka sura 6 mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba. Idan abin da zan iya naira 5,000 ne daga cikin 20,000 da aka nema, nakan ba da su in faɗa a fili cewa ba bashi ba ne, don kada ya riƙa sauya hanya idan ya hango ni. Akwai kuma wanda yake son ya yi Kirsimetin da ta fi ƙarfinsa, ya sauka a ƙauye da kaya niƙi-niƙi don a ce ɗan wane ya zo daga birni. Shi wannan amsarsa a'a ce, kuma a faɗe ta da wuri. Wani ƙanena na wajen kawu ya taɓa zuwa mini da irin wannan buƙata, ya ce, “Yaya, ki taimaka mini da dubu hamsin, da an yi albashin Janairu zan dawo miki da su.” Na ce masa, “Ƙanena, albashin Janairun nan da kake magana, kuɗin makarantar 'ya'yanka ne. Ba zan ba ka ba, amma zo mu zauna mu ga abin da ke hannunka zai iya yi.” Ransa bai so ba a ranar, amma ya tafi gida da mudu biyar na shinkafa da kaza ɗaya, kuma babu wanda ya kore shi. Abin da na ƙi jini shi ne a ce wa mutum “bari in duba” alhali an san ba za a bayar ba, a bar shi yana ta kiran waya yana zubar da mutuncinsa, lokacin da zai nema a wani wuri kuma yana wucewa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai rance na gaskiya, irin na mai sana'ar da take son ƙarin jari don ta soya cincin ta sayar a makon biki, ko manomin da kayansa suke rumbu bai so ya karyar. Irin wannan a rubuta shi. Mutanenmu suna ɗaukar rubutu kamar rashin yarda, alhali maƙwabtanmu Musulmi za su gaya maka cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ko saƙon waya ne, a ambaci adadi da ranar biya, mijin mutum ko matarsa su sani, domin bashin da aka ɓoye wa abokin zama ya fi kowanne haddasa rigima. Ba na ɗora ko kwabo a kai, ba na kuma ba da sabo a kan tsohon da ba a biya ba. Littafin Misalai ya kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ranta masa, ni kuwa ba na son ɗan'uwana ya riƙa sunkuyar da kai a gabana a wurin biki ko makoki saboda 'yan dubbai.

Wanda na hana kuma nakan roƙe shi abu ɗaya, kada ya faɗa hannun manhajojin ba da rance na waya. Suna bayarwa cikin minti kaɗan, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere, kuma da yawansu sukan kwashi lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da fastonsa saƙon cin mutunci idan ya makara, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara daƙile wasu daga cikinsu a 2022. Adashe ya fi wannan nesa ba kusa ba, in dai an san uwar adashen, kuma wanda ya san Disamba tana ba shi wuya sai ya nemi kwasarsa ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba.

Su ma masu karɓa akwai magana a kansu. Rashin biya a kan lokaci ba shi ne yake kashe zumunci ba, ɓuya ce take kashe shi, da kashe waya, da fushin da mai bashi yake yi idan an tuna masa. Wata maƙwabciyarmu da na ranta wa kuɗin taki da damina, da ta ga ranar ta matso kuma ba ta da kuɗi a hannu, da kanta ta yi sallama ta ce, “Maman yara, kuɗi dai ba su samu ba, amma wake ya zo gida, in za ki karɓa.” Muka tambayi farashin mudu a kasuwa a ranar, ta auna mini daidai kuɗina, muka soke rubutun a gaban mijinta, kuma da damina ta sake zagayowa ni na fara tambayarta ko tana buƙatar na taki.