Wasiƙa daga Washinton: matar da aka hana zaure

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafi? Mu nan sanyi bai gama sakinmu ba.

Asabar ɗin da ta wuce na kai yara wurin gunkin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln. Suna ta tsalle a kan matakala, ni kuwa hankalina na ga wata mawaƙiya da ta taɓa tsayawa a nan, Marian Anderson.

A Filadelfiya aka haife ta a 1897, gidan talakawa. Tana 'yar shekara shida ta shiga mawaƙan cocinsu. Da ta je neman gurbi a wata makarantar kiɗa, aka sallame ta saboda baƙar fata ce. Sai mutanen cocin suka yi karo-karo, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu, aka biya mata malami. Wannan wurin ya fi taɓa ni, don ya tuna mini yadda unguwa ke haɗa wa yaro kuɗin makaranta.

Turai ce ta fara sanin darajarta. A 1935 shahararren jagoran makaɗa Toscanini ya ji ta a Salzburg ta ƙasar Austria, ya ce irin wannan murya sau ɗaya ake jin ta a shekara ɗari. Amma da ta dawo gida, a 1939 wata ƙungiyar mata farar fata ta hana ta yin waƙa a zauren Constitution Hall da ke nan Washinton. Uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga ƙungiyar don fushi.

Wani hani ga Allah baiwa ne. Ranar 9 ga Afrilu aka kafa mata lasifika a wannan matakala, mutum kusan 75,000 suka cika fili, miliyoyi na saurare ta rediyo. Na kalli hoton bidiyon: ta lulluɓa da rigar sanyi, ta lumshe ido, ta buɗe baki. Ba habaici, ba zagi.

Sai dai kada a yi saurin tafi. Gidan opera (wasan kwaikwayo cikin waƙa) na Metropolitan a New York bai ba ta dandamali ba sai 1955, tana da shekara 57, murya ta fara gajiya. Ita ce baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a can. Ta rasu a 1993.

Da muka sauko, ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, me ya sa ba ta yi musu faɗa ba?" Har muka shiga jirgin ƙasa ina laluben amsa.

A gaida kowa da kowa.