Segar Yaya a cikin kwalin taliya

Ranar Asabar ina share ɗakin Hajiya a Tudun Wada, sai na ci karo da Sega Mega Drive ɗin Yaya, na'urar wasan gem da ake jonawa da talabijin, a cikin kwalin taliya, duk ƙura ta rufe ta. Kaset uku ne suka rage: Sonic, Mortal Kombat, da wani da takardar jikinsa ta goge.

A Japan na'urar ta fara fitowa a 1988, amma mu sai ƙarshen shekarun 1990 ta iso gidanmu, ita ma ta gwanjo. In kaset ya ƙi tashi, a zare, a hura masa iska, a mayar. Ashe danshin bakinmu tsatsa yake jawo wa ƙarafan ciki. To, wa ya isa ya gaya mana a lokacin?

Wani mai gyara a Kasuwar Barci ya goge bakin kaset ɗin Sonic da sifirit, ya jona wa tsohuwar talabijin. Da muryar nan ta ce "Seegaa", sai da tsigar jikina ta tashi.

Ɗan ƙanwata ya taɓe baki: "Kawu, ai akwai wannan a waya." Na miƙa masa abin dannawa. Har aka kira magariba bai ajiye ba.