Yadda muka daidaita albashi da dokar Naira 70,000

Ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. Ni ke riƙe da lissafin albashi a wata masana'anta a Kano, kuma aikin farko da na yi shi ne ƙidayar ma'aikata. Doka ba ta hau kan wurin da bai kai mutum 25 ba. Ta kuma cire masu aikin da bai kai awa 40 a mako ba, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka sarrafa, da masu aikin kaka irin na gona. Mu mun haura 25. Leburorin da ake kira 'yan wucin gadi alhali kullum suna zuwa daga safe har yamma, na sa su cikin lissafi, domin awoyinsu ake dubawa.

Kuskurenmu na farko a kasafi ne: mun ɗauka 70,000 ce kuɗin kowane mutum. Ashe akwai jela. Fansho kashi 10 ne daga aljihun kamfani, wato 7,000 idan duk albashin na asali ne da kuɗin gida da na mota. NSITF, asusun inshorar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, kashi 1, wato 700. Kenan kowane ƙaramin ma'aikaci ya tashi a 77,700. Shi kuma ana cire masa kashi 8, wato 5,600, sai 64,400 ta shiga asusunsa. Watan farko sai ga ƙorafi, wai an ci musu kuɗi. Tun daga nan ba na biyan kowa sai da takardar albashi mai nuna kowane abin da aka cire. Kuɗin fanshon kuwa dole ya isa asusun fansho cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, in ba haka ba tara ta aƙalla kashi 2 a wata ta hau.

Tarar makara da muke yanka a da mun daina ta ga masu 70,000, don abin da doka ta yarda a cire kaɗai ake taɓawa. Kuɗin ƙarin lokaci ma ban cike giɓi da shi ba, gumi ne na daban.

Abin da ya fi ba mu wuya ba ya cikin dokar. Shugaban sashe mai shekara takwas a aiki yana karɓar 65,000, sabon mai shara kuma ya tarar da shi a 70,000. Da mun bar su haka, da ƙwararrunmu sun watse. Sai muka ƙara wa kowane mataki wani abu, na ƙasa ya fi samun kaso mai tsoka.

Takardun biya ana ajiye su shekara uku, don jami'an Ma'aikatar Ƙwadago na iya nema, ma'aikaci kuma na iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sabuwar dokar ta mayar da bitar albashi duk shekara uku maimakon biyar, don haka kwangilolin da za su kai mu 2027 yanzu muna sa musu sharaɗin sake farashi.