Bakin ɗan aike ba nasa ba ne

Ranar da maigidanmu ya ce ni zan tsaya wa kamfani a kasuwar baje koli ta Kaduna, ban yi barcin kirki ba don murna. Farkon 2016 ne, ban cika shekara biyu da fara aiki ba. Kamfaninmu ƙarami ne a Kano. Muna sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau da kasuwannin Jigawa, mu tace, mu zuba a buhu, mu sayar wa masu fitarwa waje. Na kai wa tela sabuwar shadda, aka buga mini kati ɗari biyu. A zatona wakilci ke nan: ka sha ado, ka iya magana, ka raba kati.

Kati kam na raba shi. Duk wanda ya tsaya gaban rumfarmu a filin nan na hanyar Zariya sai na miƙa masa, har ɗaliban da aka kawo kallo. Na dawo da na mutane sama da tamanin, na ɗaure da roba na jefa a durowa. Bayan sati uku Alhaji, maigidan namu, ya ce in kawo. Ya zaro guda ya tambaye ni, "Wannan me yake so?" Shiru. Ya zaro wani. Nan ma shiru. Ko fuskokinsu ban iya tunawa ba. Tun daga ranar, in mutum ya ba ni kati, yana juya baya nake rubuta a bayan katin inda muka haɗu, abin da yake nema, da abin da na ce zan yi masa. Kafin kwana biyu ya ji daga gare ni. In ka wuce sati, kai ma ka zama kati a durowar wani.

Amma wannan ƙaramin abu ne. Babban yana nan tafe.

A rana ta shida ta baje kolin wani mutum ya zo daga Legas, wakilin wasu 'yan kasuwa na Turkiyya. Ya ɗebi riɗinmu ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya tauna. Da ka gan shi ka san ya san kaya. Ya fara da tambayar magani: da me muke adana kayanmu? Yana da dalili. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda mu muke kira fiya-fiya, kuma tun daga nan duk mai sayen amfanin gona daga wajenmu kunnensa a tsaye yake. Ni kuwa ban taɓa ganin takardar gwajin kayanmu ba, ban ma san ko akwai ta ba. Na buɗe baki na ce kayanmu tas suke, an gwada. Ya ce kwantena uku yake so cikin wata guda, nawa tan? Na tuna farashin da na ji ana faɗa a ofis tun watan Disamba, na ɗan rage don kada ya tafi rumfar gaba, na faɗa masa. Muka tafa. Har hoto muka ɗauka na sa a Facebook.

Ƙannena, ku tsaya nan ku duba abin da na yi. Kwantena mai ƙafa ashirin tana ɗaukar riɗi kusan tan 19, uku ke nan ta haura tan hamsin. Farashin Disamba farashin kaka ne, lokacin da kaya ke kwararowa daga ƙauye. Zuwa Maris kaya sun shige hannun masu ajiya, kuɗi ya tashi. Injin tacewarmu ɗaya ne, shi ma sai an samu wuta ko an sayi gas. Ga takardu: rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, fom ɗin fitar da kaya na NXP da ake cikewa ta banki, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Ga tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Legas, ga layin tashar jiragen ruwa ta Apapa da babu mai iya rantse maka ranar da motarka za ta shiga. Ko ɗaya cikin waɗannan bai faɗo mini a rai ba. Abin da ke raina kawai in koma Kano a ce yaron nan ya kawo ciniki.

Da na gama ba Alhaji labari, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Wa ya ba ka farashi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar..." Ya ce, "Na aike ka ka gani, ka ji, ka dawo ka faɗa mini. Shi mutumin bai san ka ba. Da ka yi magana, ni ya ji." Ya sa aka yi lissafi a gabana. In muka cika alkawarin a farashina, ribar kakar gaba ɗaya ta tafi. In muka janye, sunan kamfani ne ya zube, ba nawa ba, don ni ba ni da sunan da zai zube. Ƙarshe ya ce in kira mutumin da bakina in warware. Na kira, ya saurare ni har na gama, ya ce ya gode. Bai sake ɗaga wayarmu ba. Daga baya na ji yana saye a hannun wasu maƙwabtanmu, kuma ya daɗe yana saye.

Abin da ya ci a ce na faɗa a rumfar nan bai fi jimla biyu ba: "Farashi da lokaci ba a hannuna suke ba. Ba ni zuwa gobe da azahar in ji daga maigida." Matasa suna jin kunyar wannan magana, suna ganin za a raina su a ce 'yan aike ne. To ai ɗan aiken ne kai. Wanda ya daɗe a kasuwa ya fi sakin jiki da mai cewa "sai na tambaya" a kan mai amsa komai nan take, muddin gobe da azahar ɗin ta yi ya ga kiranka. Kuma kafin ka bar ofis, zauna da wanda ya aike ka ka tambaye shi abu uku: me zan iya yankewa da kaina, me zan ce sai na dawo, me ba a son ya fita daga bakina ko da wasa.

Na ukun nan ma na sha shi, ba a ɗakin taro ba, a teburin mai shayi. Bayan an tashi daga wani zama na masu fitar da kaya a Abuja, muka fita da wani abokin sana'a, yaron wani kamfani. Mutum mai daɗin hira, shi ya biya kuɗin shayi da ƙwai. Yana yabon farin riɗinmu, ni kuma kai ya kumbura, na faɗa masa kasuwar ƙauyen da muke ɗauka, har da dillalin da ke tara mana. Da kaka ta zagayo muka tarar an riga mu, an ƙara wa dillalin ɗan abu a kan kowane buhu. Ban ga laifin yaron ba, aikin maigidansa ya yi. Ni ne na manta cewa hular kamfani ba a cire ta don an fito daga zaure. Haka nan ƙorafin albashi da gulmar manaja: duk wanda ka yi wa, dariya zai taya ka, amma ya auna gidanku ya gama.

Kada wannan ya sa ka zama gunki a taro. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma yawancin abin da ya amfane ni a sana'ar nan daga hira ya fito. Sai dai na koyi barin ɗayan ya fi ni magana. Tambayi mutum abin da ke ba shi ciwon kai a aikinsa, za ka sha mamakin yadda zai zazzage maka. Ka kuma lura da wanda ke gabanka. Dattijo a Dawanau, in ka faɗa masa farashi kafin ka tambayi iyali da gajiya, ka yi rashin ɗa'a. Baƙon da ya ba ka minti goma a Abuja kuwa, in ka cinye biyar a gaisuwa, ka cuci kanka.

Wani abin da na daɗe ban gane ba shi ne, mutanen da na sani ta dalilin aiki ba dukiyata ba ce ni kaɗai. A wayata nake tara su, ina jin daɗin a ce sai ta hannuna. Aka sace wayar a tasha, kamfani ya yi wata guda yana lalube. Yanzu duk taron da na je, kafin in kwanta sai na rubuta shafi ɗaya: wa na gani, me muka ce, me ya rage a kanmu. Kwafi ɗaya a ofis.

Zumunta kuma a ƙafa take, ko ta kasuwa ce. Akwai wani jami'in sito da sai buƙata ta taso nake kiransa. Ran nan na kira, ko sallama ban gama ba ya ce, "Malam, me ake so yau?" Kunya ta rufe ni, don ashe mahaifinsa ya rasu wata biyu da suka wuce, ban sani ba, ban je ba. Washegari na hau mota na tafi har gida na yi masa ta'aziyya, ban ɗauko maganar sito ba, shi ma bai ɗauko ba.

Bara ni na tura wata yarinya sabuwar ɗauka baje kolin Kano, a titin gidan Zoo. Rana ta uku da yamma sai ga kiranta. "Yallaɓai, ga wani nan yana son zoɓo tan goma, ya matsa in ba shi farashi. Na ce masa ba a hannuna yake ba." Na ce ta karɓi lambarsa, ta tambaye shi inda za a sauke kayan da irin buhun da yake so, ta ce masa gobe ƙarfe goma zai ji daga gare mu. Tara da rabi na kira shi.