Bizata a hannun manaja take

Na shigo Ingila ne da bizar masu kula da tsofaffi, wadda aka buɗe wa irinmu a Fabrairun 2022, kuma kafin in zo tsorona sanyi ne da Turancinsu mai sauri. Duk wannan an saba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ka yi awa 12 kana aiki tare da mutane amma kamar ba ka wajen.

Ba wanda ya taɓa zagina fa, har murmushi ake min da safe. Amma ka shiga ɗakin hutu ana hira sai a yi tsit kowa ya koma kan wayarsa. Ashe akwai gurup na WhatsApp da ake musayar shif a ciki, a bakin wata 'yar Zimbabwe na ji, ita ma ba a saka ta ba. Ranar Juma'a su tafi mashaya da manaja, mu da ba ma sha ba ma zuwa, to a can ake gama maganar wa zai samu hutun Kirsimeti, wa za a tura kwas ya zama siniya, sai dai Litinin ka ga jadawali ya fito aikin dare na Asabar da Lahadi duk namu, da ɓangaren masu cutar mantuwa inda aikin ya fi nauyi.

Wani zai ce me ya hana ku magana? Biza ce. Kamfani ne ya ɗauki nauyinka, in ya sallame ka yawanci kwana 60 Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, za ta ba ka, ka samu wani kamfanin ko ka bar ƙasar. Wadda za ka kai wa kuka ita ce zamanka ke hannunta. Eh, dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariya saboda launin fata ko addini, kuma Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, na ba da shawara kyauta ta waya, amma don Allah ya za ka rubuta "ana shiru in na shigo" a takardar ƙorafi?

Da na shiga ƙungiyar ƙwadago ta Unison, wakiliyarmu ta ce ki bar maganar yadda kike ji tukun, ki tara jadawalin. Na tara, na ajiye wa manaja a tebur na ja layi ƙarƙashin sunayenmu. Fuskarta ta yi ja, ta ce wallahi... to ba wallahi ta ce ba, ta ce dai ba ta taɓa lura ba. Na yarda da ita, kuma wannan rashin lurar ne ya fi min ciwo, don aikinta ne ta lura.

Yanzu ana juya aikin dare kan kowa. Tausayina yana kan waɗanda suka zo bayan Maris 2024, da aka hana masu wannan aikin tahowa da mata ko miji ko 'ya'ya. Su wajen aikin nan ne kaɗai suke ganin mutane, shi ya sa duk wadda na gani ita kaɗai a ɗakin hutu nake jan kujera in zauna kusa da ita.