Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Buhun Taki da Ƙafar Ɗan Takara

A makon jiya na tsaya a inda na bar rubuta allunan shaguna a bakin Tsohuwar Kasuwa, na koma yi wa wata ƙaramar jarida zanen barkwanci, ana saura 'yan watanni a yi zaɓen 2003. Kafin in faɗi abin da ya same ni a can, ya kamata mai karatu ya san inda wannan sha'awa ta samo asali.

A shekarar 1984 ina aji uku na sakandare, kuma a shekarar ce gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4 mai hana buga abin da zai kunyata gwamnati ko jami'anta, wadda da ita aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda-guda. Jaridun Legas sai sun kwana a hanya suke isowa Sakkwato, amma wannan bai hana mu 'yan karatun kyauta yin cincirindo a teburin mai sayar da su ba. A nan na lura cewa marubuta sun koma tauna magana kafin su furta, su kuwa masu zane suna faɗin tasu ba tare da sun bar wa alƙali jimlar da zai kama su da ita ba. A watan Yuli, da aka gano tsohon minista Alhaji Umaru Dikko, wanda aka yi yunƙurin sato shi zuwa Najeriya, cikin akwatin katako a filin jirgin Stansted na Ingila, ya ishi mai zane ya zana akwati kawai, sai ka ga ɗan dako wanda bai san ko bihim ba a boko yana ƙyalƙyala dariya. Daga baya ne na ji labarin Akinola Lasekan, wanda yake sa hannu da sunan Lash a jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, yana yi wa Turawan mulkin mallaka habaici tun kafin a haife ni.

Jaridar da na shiga ba ta cikin wannan sahu. Shafi takwas ce, da manyan kanun labarai da jar tawada, a Kaduna ake buga ta, kuma ba ta fitowa sai ranar da mai ɗaukar nauyinta ya saki kuɗi. Duk da haka zanena na farko ina alfahari da shi har gobe. A lokacin manoman fadama suna kukan cewa takin gwamnati ba ya isowa hannunsu, sai na zana buhun taki sanye da babbar riga da hula, ya yi ƙafafu ya kama hanyar Illela ta bakin iyakar Nijar, ga wani manomi a baya riƙe da fartanya yana yi masa sauka lafiya. Ban sa sunan kowa ba, ban zana fuskar kowa ba, amma an yanke shi an liƙa a shagunan teloli da rumfunan masu shayi, kuma wanda ya tsargu ya san da shi ake.

Bayan mako uku edita ya kira ni, ya ce maigida, wato mai ɗaukar nauyin jaridar, yana son a taɓa abokin takararsa na majalisar jiha, wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa tun yana yaro. Ya ce in zana shi yana ɗingishi a bayan kujera, kujerar tana gudu, ya kuma ninka mini kuɗin da aka saba ba ni. Ba zan ɗora wa kowa laifin ba, domin da hannuna na zana, har ma na ƙara wa ƙafar lanƙwasa don a fi yin dariya.

Ranar da jaridar ta fito, na tarar da Kawuna a zaurensa na Rijiyar Ɗorowa bayan sallar la'asar, ya shimfiɗa ta a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago kai ba, sannan ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce, "Ɗana, ƙafag ga ita tas sace taki?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "To mi tai maka?"

Ban sami amsa ba. Kawu bai yi boko ba, amma ya tashi yana sauraron makaɗan fada, don haka ya fi ni sanin bambancin habaici da zambo. Ya ce habaici hali yake nufa, shi ya sa mai laifi kaɗai yake jin zafinsa, kuma yana iya gyarawa gobe. Zambo kuwa halitta yake kamawa, wadda ba mutum ya yi wa kansa ba, kuma galibi maroƙi yakan yi shi ne domin ubangidansa ya ji daɗi ya ƙara kyauta. A nawa ganin nan ne yawancin zanen ƙananan jaridunmu yake lalacewa. Ba rashin iya riƙe alƙalami ba ne, domin na san masu hannu da suka fi ni nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne wanda ya biya kuɗin bugawa shi ne yake zaɓen wanda za a yi wa dariya, sai ka ga an cika zane da ƙaton hanci da tumbi da sunan mutum a rubuce a kan riga, alamar cewa zanen ya kasa magana da kansa, mai karatu kuwa ya gama dariya bai ƙaru da sanin inda takinsa ya shiga ba.

Washegari na tafi ofis da niyyar cewa na daina. Kafin in buɗe baki edita ya tare ni da fara'a, ya ce bugun ya ƙare ƙarƙaf tun kafin azahar, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma maigida ya aiko da ambulan na musamman da sunana a kai, tare da saƙon cewa a mako na gaba matar ɗan takarar yake so a zana. A ranar kuɗin hayar ɗakina ya cika wata biyu ban biya ba, ga maiɗakina tana da tsohon ciki. Na karɓi ambulan ɗin na sa a aljihu ban buɗe ba, na ce masa ya ba ni zuwa ranar Alhamis.

Za mu ci gaba a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.