Kwamfutar tebur mai batir, da abin da ta yi mini a Agege

Aikina buga katin gayyata ne da kalandar biki da takardun shago, kuma a Agege nake. Wannan sana'a tana son babban allo, don mai kati yana so ya ga sunan 'yarsa ɓaro-ɓaro kafin a buga. Tana kuma son injin da ba ya mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ta cika sharaɗin farko, laftof ta cika na biyu. Wadda ta haɗa duka biyun ita ce nake son yin magana a kanta, domin mutane da yawa ba su ma san an taɓa ƙera irinta ba.

A ƙarshen 2012 Microsoft ta fito da Windows 8, wadda aka tsara don a riƙa taɓa allo da yatsa. Nan take kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙera kwamfutar tebur da komai nata ke cikin allo, aka sa mata batir, ta yadda za ka ɗauke ta daga mazauninta ta koma ƙatuwar kwamfutar hannu. Sony ta yi VAIO Tap 20 mai inci 20, nauyinta wajen kilo 5. A 2013 Dell ta fito da XPS 18, wadda ba ta kai kilo 3 ba. Lenovo kuwa ta yi Horizon mai inci 27, sama da kilo 8, da nufin a kwantar da ita iyali su kewaye ta.

Ta Asus, wato Transformer AiO, ita ce ta fi ban mamaki, kuma ya kamata mai saye ya fahimce ta sosai. Injina biyu ne a jiki ɗaya. Idan allon yana kan mazauninsa, Windows ce ke aiki da injin Intel da ke cikin gindin. Da ka zare allon sai ya koma Android, da nasa ƙaramin injin na Nvidia. Ke nan aikin da kake yi a manhajar zane ta CorelDRAW ba ya bin ka hannu, yana nan cikin gindin, sai dai ka leƙo shi ta wayafai, kuma gindin ba shi da batir. Ga mai fama da wutar Legas wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: in an ɗauke wuta, ɓangaren Windows ya tafi. Sauran ukun kuwa injinsu da batirinsu duk suna cikin allon.

A Turai da Amurka waɗannan injina ba su yi kasuwa ba, kuma na gane dalili. Wa zai rungumi kilo 5 a kan cinya yana karanta labarai? Su wutarsu ba ta motsi, saboda haka batir a kwamfutar tebur bai ƙare su da komai ba. Mu kuwa batirin ne gaba ɗaya maganar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk minti ɗaya da janareta ya yi yana ruri a aljihuna nake jin sa. Yanzu in wuta ta tafi ina tsakiyar zane, allon yakan ɗan dushe ne kawai, in ci gaba da aikina. Ba na tayar da janareta sai zane ya kammala, lokacin da firinta za ta yi aiki.

Tawa mai inci 18 ce, irin wadda injinta da batirinta ke cikin allon, gwanjo, daga wani shago a layin Otigba da ke kasuwar kwamfutoci ta Computer Village a Ikeja. Wani amfani nata ban yi tsammaninsa ba. Shagona ƙarami ne, bayan kanta ba ya ɗaukar mutum biyu. Da, idan uwar amarya ta zo sai ta yi ta leƙe daga nesa tana cewa in ƙara girman rubutu. Yanzu zare allon nake yi in kwantar mata a kan benci. Kwanan baya wata dattijuwa ta sa gilashinta, ta ɗora yatsa mai lalle a kan sunan mijinta, ta ce, "Malam, nan fa ba ka sa Alhaji ba. So kake a ce ni na cire?" Na ce, "A yi haƙuri Hajiya, yanzu za a sa." Ta buɗe yatsu biyu ta ƙara girman furen da ke gefe, ta dube shi da kyau, ta ce ruwan zuma take so ba ja ba. Da an buga kati ɗari uku kafin ta gani, da asarar takarda da tawada a kaina take.

Ban ce kowa ya ruga ya saya ba. Waɗannan injina sun haura shekara 10, batiri kuma yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, balle a zafin Legas. Kada ka yarda da "yana riƙe caji" a baki. Ka sa a cire wayar caji a gabanka, ka kunna bidiyo, ka zauna ka sha lemo kana kallon yadda kason cajin yake sauka. Ka duba gefen allon, in ka ga ya ɗan ɗago daga jikin murfin, batirin ne ya kumbura, ka bar ta. Ka bi kusurwa huɗu da yatsa ka tabbatar ko'ina yana amsawa. Ka kuma tambayi mai gyara tun kafin ka biya ko ana samun batirinta, domin ba irin na laftof ba ne da ke zube a kowane shago.

Sai maganar manhaja. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma injinan wancan zamani ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance. Shi ya sa ba na buɗe asusun banki a kanta, zane kaɗai take yi.

A 2024 Lenovo ta dawo da dabarar Asus a ThinkBook Plus Gen 5 Hybrid, Windows a gindi, Android a allon da ake zarewa. Amma inci 14 ce, laftof ce. Ni wadda nake jira sabuwa ce mai inci 20 ko fiye, wadda za a iya canja mata batir da sukurdireba a Ikeja.